Askar da Dabo Ya Sa a Wuta

Akwai wani wanzami a Birnin Kudu mai suna Dabo, a shekarun nan da kuɗin man fetur ya fara shigowa, kowa na rububin sabon abu. Wanzanci gadonsa ne. Mahaifinsa, marigayi Malam Sada, ya bar masa wata aska mai naɗewa da ya zo da ita daga aikin soja. Da ita aka yi wa duk 'ya'yan gidan askin suna.

Da reza ta cika kasuwa, Dabo ya ga askar ta yi tsatsa, ƙotarta ta fashe. Sai ya haɗa ta da tarkacen ƙarafa ya ba wani maƙeri. Mahaifiyarsa, Inna Dada, ta yi faɗa har ta gaji.

To, bayan shekara tara da aure, sai ga matarsa Barira da cikin fari. Kullum Inna Dada sai ta tambaye shi, "Da wace aska za a aske mini jika?" Dabo ya koma wurin maƙerin har sau biyu, aka ce masa ai ta daɗe da tafiya.

Akwai kuma Hambali, mutumin Gwaram, wanda suka koyi sana'a tare a hannun Malam Sada. Shi Hambali ba shi da aiki sai bin ƙauyuka, daga Maruta zuwa Basirka, yana tattara tsofaffin asake da mutane suka yar. Sai ya kankare tsatsar da toka da man gyaɗa, ya wasa a dutse, ya goga a fata, ya yi musu sabuwar ƙota ta ƙahon saniya. Da farko dariya Dabo yake masa, yana kiransa sarkin bola.

Dariyar ba ta daɗe ba. Duk ranar kasuwa da Hambali ya shimfiɗa tabarma, dattawa sai su yi layi a gabansa. Wai askarsa ba ta yanka mutum, ba ta sa ƙuraje. Dabo na gefe da rezarsa yana korar ƙuda. Ranar da ya ga Alhaji Buba, wanda ya shekara goma yana aski a wurinsa, ya wuce shi ya zauna gaban Hambali, ko tuwon dare bai iya ci ba. Hassada ce ta kama shi, ba wani abu ba.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne wata aska da Hambali ke naɗewa a farin ƙyalle. Ba ya aski da ita, sai dai ya fito da ita ya goga ya mayar. Dabo ya tambaye shi, ya yi murmushi ya ce, "Wannan tana jiran ranarta."

Dabo ya ce a ransa, wato har da ta yanga.

Wata ranar kasuwa, Hambali ya tashi zuwa sallar Azahar. Ya ce, "Ɗan malamina, ga zabirata nan, ka duba mini."

Yana juya baya Dabo ya zaro askar nan ta farin ƙyalle. A kusa akwai garwashin mai tsire, shi ma ya tafi alwala. Dabo wanzami ne, ya san ƙarfen aska in ya sha wuta ya mutu ke nan, ba ya ƙara riƙe kaifi. Ya cusa bakinta cikin garwashin har ya yi ja, ya bari ya huce, ya goge da toka, ya naɗe ya mayar. Ko juya ta bai tsaya yi ba.

Bayan kwana biyu Barira ta haifi namiji.

Ranar suna da sassafe, zaure cike da mutane, sai ga Hambali a kan keke daga Gwaram. Ya durƙusa gaban Inna Dada, ya miƙa mata farin ƙyallen nan.

Ya ce, "Inna, wata shida da suka wuce na same ta a wurin wani maƙeri a Kiyako. Duba gindin ƙarfen."

Tsohuwar ta kai askar kusa da idonta. Ga zane uku nan a jere, shaidar Malam Sada. Ta fashe da kuka, ta ce, "Ta Malam ce. Dabo, zo ka karɓi askar ubanka ka aske ɗanka."

Dabo ya miƙa hannu ya karɓa. Al'adar wanzamai ce a gwada aska a gashin hannu kafin ta taɓa kan jariri. Ya ɗora ta a damtsensa ya ja. Ko gashi ɗaya bai faɗi ba.

Hambali ya karɓa ya ɗaga ta a haske, ya ga baƙi-baƙin wuta a bakinta. Ya daɗe yana kallon Dabo. Mutum ɗaya ya taɓa bar wa zabirarsa.

A hankali ya ce, "Laifina ne, ƙila na wuce gona da iri wajen wasa ta."

Wannan rufin asirin ne ya karya Dabo. Ya zube ƙasa ya ce, "Ba laifinka ba ne. Ni na sa ta a wuta. Na ɗauka taka ce."

Hambali ya ciro wata askar daga zabirarsa, ya yi bisimilla ya aske yaron.

Inna Dada ta naɗe askar mijinta a ƙyallen, ta sa a cinyar Dabo. Ta ce, "Ajiye ta. In yaron nan ya girma ya tambayi askar kakansa, kai za ka faɗa masa."

Darasi: Mai hassada yana ganin wani yake cuta, alhali nasa yake ƙonawa. Wanda kake jin haushin ci gabansa, wataƙila alherinka ne a hannunsa yana gyara maka. Ku tura wa 'yan uwa da abokan sana'a, Allah Ya wanke mana zukata.