Manomin da Tunani Ya Hana Shi Shuka

Akwai wani mutum, manomi, wanda yake zaune a wani ƙauye tare da matarsa Bilhatu da 'ya'yansu uku. Mutane suna kiransa Baban Murna, da sunan 'yarsa ta fari. Ba raggo ba ne. Gonarsa tana kan jigawa, kuma da wuya ka wuce ka ga ciyawa ta yi tsayi a cikinta.

Wata shekara ya yi shuka da ruwan farko, sai ruwan ya ɗauke har kwana ashirin, tsiron duka ya ƙone. Ya sake shuka a makare, damina ta wuce tun dawar ba ta nuna ba. Gidansa ya sha wuya a shekarar nan. Akwai ranakun da sau ɗaya aka ɗora tukunya. Duk da haka Bilhatu ta ware irin dawa, ta gauraya shi da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ba ta bari kowa ya taɓa ba.

Da shekara ta kewayo, aka yi ruwa mai yawa, ƙasa ta jiƙu sosai. Washegari maƙwabta suka ɗauki sungumi suka nufi gonakinsu. Shi ma ya ɗauki nasa, ya fita har ƙofar gida, sai ya tsaya. Ya ce a ransa, in na shuka yau ruwa ya ɗauke kamar bara, ba ni da wani irin. Ya koma ciki ya jingine sungumin. Da ya zauna kuma sai wani tunanin ya zo masa, cewa in ya jira, damina za ta wuce dawa ba ta nuna ba. Ya sake tashi, ya sake zama.

Haka ya yini, haka kuma ya yi ta yi kwana da kwanaki. Da safe ya fita ya dubi gabas. In ya ga hadari, ya ce wannan na iska ne. In bai gani ba, ya ce fari ya soma ke nan. Ya tambayi wannan dattijo ya ce masa ya shuka, ya tambayi wancan ya ce masa ya ɗan dakata, ya dawo gida da damuwar da ta fi wadda ya fita da ita. A cikin ransa ya riga ya ga rumbunsa wayam, ya ga an sayar da awakinsa, ya ga 'ya'yansa suna kuka, alhali tulun iri yana nan a liƙe, ba abin da ya same shi.

Abinci ya daina yi masa daɗi. Murna takan yi masa magana sau biyu, sau uku, kafin ya ji. Ran Lahadi bakinsa yana waƙa a majami'a, zuciyarsa tana kan gajimare. Yana addu'a kam, amma da ya ce amin sai ya ci gaba da tunanin daga inda ya tsaya.

Ran kwana na bakwai Bilhatu ta ce masa, “Baban Murna, an yi ruwa sau biyu, shukar mutane ta fara tsirowa. Mu me muke jira?”

Ya amsa mata da faɗa, ya ce ita ba ta san abin da ke kansa ba. Ta koma madafa tana share hawaye.

A cikin ƙauyen akwai wata tsohuwa, gwauruwa, ana ce da ita Iya Tani. Tana da 'yar gona a bakin fadama. Wanda ya yi mata alkawarin saran shuka ya kwanta rashin lafiya, ita kuwa bayanta ba ya barinta ɗaga sungumi. Da safiyar kwana na takwas ta zo tana dogara sanda, ta roƙi Baban Murna ya taimaka mata. Bai so ba, amma ya ji kunyar ƙin tsohuwa. Ya ɗauki sungumi ya bi ta, Bilhatu ma ta bi su.

Shi yana gaba yana sara, su suna biye suna zuba iri suna rufewa da ƙafa. Layi ya ƙare, ya juyo ya kama wani. Gumi ya karyo masa. Da rana ta take suka gama, suka zauna a inuwar ɗorawa. Iya Tani ta miƙo masa ƙwaryar kunun tsamiya, ya kafa kai bai ɗago ba sai da ya shanye. Bilhatu ta dube shi, don rabonta da ta ga ya gama abin da aka ba shi ya kai mako guda.

Tsohuwar ta tambaye shi, “Ɗana, sa'ad da kake sara, sau nawa ka ɗaga kai ka dubi sama?”

Ya yi tunani kaɗan ya ce, “Ko sau ɗaya, Iya.”

Ta ce, “To, ni ma irin nan shi ke nan gare ni. Ina jin tsoro kamar yadda kake ji. Amma shekaruna sun kusa tamanin, ban taɓa jawo hadari da tunanina ba, ban kuma taɓa korarsa ba. Abin da hannuna zai iya nakan yi shi yau, sauran in gaya wa Ubangiji, in tashi in bar masa.”

Ya tashi ya ɗauki sunguminsa. Da suka isa gida shi da kansa ya fasa lakar bakin tulun. Ya kuma nemi gafarar matarsa saboda faɗan da ya yi mata. Washegari suka shuke gonarsu duka.

Bayan kwana biyar dawa ta tsiro. Sai kuma ruwa ya ɗauke.

Abin da ya yi ta tsoro ke nan, ga shi ya zo. Tunanin ya taso masa da ƙarfi kamar dā. Amma wannan karon bai ɓoye shi a ciki ba. Ya kira Bilhatu ya gaya mata abin da yake tsoro, ɗaya bayan ɗaya, suka durƙusa suka yi addu'a. Da suka tashi ta tambaye shi ko akwai aikin da za a iya yi yau. Ya ce jinkar rumbu tana yoyo. Ya yini yana gyaranta. Washegari ya gyara shingen awaki. Duk sa'ad da tunanin ya dawo, sai ya faɗe shi a fili ga Allah, ya nemi aikin da ke gabansa ya kama.

Kwana goma sha biyu aka yi ba ruwa. Da ruwan ya sauko, Baban Murna ya zaga gonarsa ya tarar kusan rabi ya mutu. Yana tsaye yana kallon wuraren da suka bushe, sai ga saƙon Iya Tani. Ta ce gonarta da yake tana bakin fadama ba ta rasa laima ba, tsiron ya fito ya yi yawa a kowane rami, dole a rage. Su zo su cire, su kai gonarsu su dasa. Mutum huɗu daga majami'a suka ji labari suka zo suka taya su. Cikin kwana biyu suka cike gonar.

Da kaka ta yi, rumbunsa bai cika har baki ba. Amma abin da suka samu ya kai su wata damina, ba ranar da yaransa suka kwana da yunwa.

Ma'anar wannan misali ita ce, manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Irin da ke cikin tulu shi ne abin da Allah ya riga ya sa a hannunmu yau: ƙarfinmu, lokacinmu, aikin da ke jiranmu. Farin bara kuwa shi ne wahalar da muka taɓa sha, wadda ta wuce amma muka bar ta tana mulkin zuciyarmu.

'Yan'uwa, tunani ba laifi ba ne. Allah ne ya ba mu hankali, yana so mu yi shiri. Amma akwai tunanin da yake kai mutum ga aiki, akwai kuma wanda yake ta juya shi wuri ɗaya har ƙarfinsa ya ƙare. In ka ga ka juya magana ɗaya sau goma ba ka sami sabon abu ba, to, ba shiri kake yi ba, wahalar da kanka kake yi.

Ku lura, fari ya zo wa mutumin nan da gaske. Bangaskiya ba ta hana shi zuwa ba. Amma a duk kwanakin da ya yi yana tunani, ya hango yunwa, ya hango asara, bai taɓa hango taimakon da Allah ya shirya masa a bakin fadama ba. Haka damuwa take. Tana nuna mana wahalar gobe, ta ɓoye mana alherin da zai zo tare da ita.

Wataƙila a cikinku akwai uwar da ɗanta yake nesa, ko wanda yake jiran sakamakon asibiti, ko wadda wata kalma da aka faɗa mata tun makon jiya take ta yawo a kanta. Kada ka riƙe damuwar nan kai kaɗai. Ka faɗa wa Ubangiji da bakinka, ka faɗa wa wani amintacce. In ka ce amin, kada ka sunkuya ka sake ɗaukar kayan da ka ajiye. Ka tambayi kanka abin da hannunka zai iya yi kafin rana ta faɗi, komai ƙanƙantarsa, ka tashi ka yi shi. Gobe tana hannun Allah, shi kuwa zai riga ka isa can.