Bargon Tsohon Tela

A ƙarshen wani layi, daura da garejin gyaran motoci, akwai wata mata da dangin mijinta suka laƙaba wa suna Tsintsiya. Sunan bai taɓa ɓata mata rai ba, har ma daɗinsa take ji. Mace ce mai tsafta, wannan kam ko wanda ba ya ƙaunarta ya shaida. Sai dai tsaftar tata ta zo da wani mugun hali: duk abin da idonta bai ga amfaninsa ba, to a wurinta ba shi da amfani, kuma ba ta tambaya. Ka ajiye takarda a kan tebur ka shiga wanka, kafin ka fito ta kai bola. In ka yi magana ta ce, "Da tana da muhimmanci ai da ba a nan za ka bar ta ba."

Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai gudun hayaniya. Tare da su a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida akwai mahaifinsa, tsohon tela, wanda yanar ido ta raba shi da keken ɗinki shekara goma da suka wuce. Tsohon ba shi da fitina. Abu ɗaya ne ya tsone wa Tsintsiya ido a ɗakinsa, wato bargonsa. Wani ƙaton bargo ne mai nauyi, an bi shi da faci tun daga sama har ƙasa, ƙyalle kan ƙyalle, babu biyu masu kama da juna. Da sanyi ya lulluɓa da shi, da zafi ya naɗe shi ya sa a gefen matashinsa. Sau da yawa in ta kai masa abinci takan tarar yana shafa facin da yatsunsa, ɗaya bayan ɗaya.

"'Yata, zo ki zauna in ba ki labarin wannan ƙyallen," yakan ce.

"To Baba, an jima, na bar tukunya a wuta."

An jiman nan shekara takwas ke nan ba ta zo ba. Shi kuma mijin sau ɗaya ya taɓa ce mata, "Komai za ki taɓa a gidan nan, ban da bargon Baba." Bai yi bayani ba, ita ma ba ta nema ba. A ranta ta ce tara shirgi ai gadonsu ne.

Da sanyi ya fara ja da baya, rana ta fara cizo, sai aka sa ranar yi wa tsohon aikin ido. Likita ya ce bayan aikin ya zauna kusa na mako guda, don haka aka kai shi gidan 'yarsa, ƙanwar malamin, wadda gidanta ke bayan asibiti. Motar ba ta gama fita daga layin ba Tsintsiya ta ci ɗamara.

Dama kowace shekara kafin bazara takan yi wannan aikin, amma na bana ta sha alwashin ba za ta bar ko tsinke ba. Ta fito da rigunan sanyi ta zube a tsakar gida, ta ware waɗanda suka yi wa yara kaɗan. Hulunan ulu, safa marasa 'yan'uwa, hitar ɗumama ɗaki da wayarta ta ƙone, kwalaben man shafawa da suka ƙare, duk ta tara a buhu. Ta wanke barguna ta shanya, ta ninke ta jera a saman kabad. Ta sauko da fankoki ta goge musu fuka-fuki, ta ɗaura gidan sauro. Kafin la'asar gidan ya yi fes, iska na shiga ta ko'ina. Saura ɗaki ɗaya.

Ta tsaya a kan gadon surukinta, ta ɗaga bargon da yatsu biyu tana yatsina fuska.

"Yau dai Allah ya kawo ƙarshenka," ta ce.

Ba ta yi niyyar mugunta ba, gaskiya ɗaya ce. Tun a makon ta sayo sabon bargo mai laushi, ruwan toka, yana cikin ledarsa, tana ganin ranar da tsohon zai buɗe ido ya gan shi har albarka zai sa mata. Tsohon bargon kuwa ta ga asara ce a jefar, tunda auduga ce mai shan ruwa. Sai ta ɗauko almakashin tsohon daga aljihun kekensa, ta zauna ta yayyanka shi gida-gida. Ta ba maƙwabciyarta, maman 'yan biyu, guda shida na sauke tukunya. Ta aika wa bakaniken garejin da tuli guda na goge hannu. Ta ɗebi na goge-gogenta, ta shimfiɗa wani mai kauri a bakin ƙofar gida don goge ƙafa. Ragowar da suka yi laushi da yawa ta haɗa da shara ta cinna musu ashana. Da mijin ya dawo zai leƙa ɗakin mahaifinsa, ta riga ta ja ƙofa ta ce ta fesa maganin sauro. Bai ƙara bi ta kai ba.

Kwana biyar tana shiga tana fita tana yaba wa kanta. Kullum da safe ta wanke tsummokaranta da bilic, ruwan nan mai faranta kaya, har da na bakin ƙofa, don ita ko abin goge ƙafa ba ta yarda ya kwana da datti ba.

Ran na shida da hantsi wayarta ta yi ƙara. Ƙanwar mijin ce.

"Matar Yaya, an gama share mu ko da saura? Ina fatan ba ki haɗa da yayana kin kai bola ba."

"Shi ai na duba, na ga da sauran amfaninsa," in ji Tsintsiya tana dariya. "Ya jikin Baba?"

"Baba yana gani, wallahi. Jiya har ya ce min na tsufa. Gobe da azahar za mu kawo shi. Ya ce in faɗa miki don Allah ki fito masa da bargonsa ki shimfiɗa a gado, shi yake so ya fara gani."

Tsintsiya ta gyara tsayuwa. "Wai wannan tsumman? Ai na yi masa sabo."

Da ƙanwar ta sake magana babu wasa a muryarta.

"Tsumma? Yaya bai taɓa faɗa miki ba? Zannuwan Innarmu ne. Duk zanen da ta ɗaura ya tsufa, Baba zai yanko tafin hannu biyu, ita kuma ta ɗinka a kan bargon da hannunta. Shekara arba'in da ɗaya suna haka. Na ƙarshen a gadon jinya ta ɗinka shi, hannunta na rawa, lokacin idon Baba ya riga ya rufe. Bai taɓa ganinsa ba. Ya hana kowa ya faɗa masa ko launinsa, ya ce da idonsa zai gani. Shekara nawa muna fama ya yarda a yi aikin nan yana ƙi, tsoron wuƙa yake. Da wannan ƙyallen muka shawo kansa."

Tsintsiya ta zauna a ƙasa daɓas.

"Matar Yaya, kina ji na?"

"Ina ji," ta ce. "Sai kun zo."

Ko mayafi ba ta yafa daidai ba ta faɗa gidan maman 'yan biyu. Ƙyallaye huɗu ta samu, duk gindin tukunya ya babbake su. Biyun kuwa, matar ta ce cikin jin kunya, an yi wa 'yan biyu amfani da su an yar. Daga nan ta tsallaka gareji. Bakanike ya fito daga ƙarƙashin mota yana murmushi, ya zaro wani baƙin abu daga aljihun baya.

"Madam, wannan tsumma naki akwai shan mai. In da ƙari a taimaka mana."

Ta karɓa. Ta bi garejin lungu-lungu tana tsinto su daga cikin kwatar baƙin mai, mutane suna kallonta baki buɗe, matar da ko gaisawa ba ta tsayawa yi a wurin don gudun datti. Ta dawo gida ta tona tokar bayan gida da hannu, ba ta samu komai ba sai wani ɗan bakin ƙyalle da ya ƙi cinyewa.

A tsakar gida mijin ya same ta da yamma, gaban baho, ta jiƙa ƙyallayen tana cuɗawa tana hawaye. Ya tsaya da jakarsa a hannu. Ya daɗe yana kallon bahon kafin ya gane abin da yake gani.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Abu ɗaya na roƙe ki a gidan nan. Ɗaya tak."

"Ai ba ka faɗa min dalili ba."

"Ban faɗa ba, laifina ne. Ke kin tambaya?"

Washegari tun da safe ta zauna da zare da allura tana harhaɗa abin da ya tsira a kan sabon bargon. Ƙyalle goma sha bakwai ne, wasu da tabon mai, wasu da ƙuna. Ta duba ta sake dubawa, babu mai karkataccen ɗinki a cikinsu. Ta sa a ranta yana cikin waɗanda wuta ta ci.

Da azahar mota ta tsaya a ƙofar gida. Tsohon ya fito da baƙin tabarau, ba sanda, ba mai riƙe masa hannu, fuskarsa cike da fara'a. Ya kalli ɗansa ya ce furfura ta kama shi. Ya kalli Tsintsiya da ke durƙushe tana gaishe shi ya ce, "Ashe haka 'yar tawa take. Tashi, tashi, Allah ya yi miki albarka."

A bakin ƙofa ya tuɓe takalmansa kamar yadda dokar gidan ta tanada, dokar da ita ta kafa. Ya ɗora tafin ƙafarsa a kan abin goge ƙafa. Sai ya tsaya cak.

Ya motsa babban yatsan ƙafarsa a gefen ƙyallen, ya sake motsawa. Fara'ar ta bar fuskarsa. A hankali ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya ɗauke shi da hannu biyu, ya bi bakin ɗinkin da yatsa. Ɗinki ne mai faɗi, a karkace, wani taku dogo wani gajere. Ya cire tabarau ya kai shi kusa da sabon idonsa.

Fari ne fat. Bilic na kwana shida ya cinye komai, sai inuwar wasu furanni da ba a gane ko na mene ne.

Ƙanwar ta toshe bakinta da gefen mayafi. Mijin ya juya wa mutane baya. Tsintsiya kuwa ta karaɗe layi tana nema, ashe sau ɗari ta taka shi.

"Ina sauran?" tsohon ya tambaya.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba, tana kuka tana neman gafara. Ta jira ya yi faɗa, har so take ya yi. Bai yi ba. Ya dube ta da idon da aka wahala aka buɗe, ya miƙo ƙyallen kusa da ita.

"Ya wuce, 'yata. Amma ke kin gan shi da launinsa, har kin riƙe shi kin yanka. Dama na hana a faɗa min, yanzu na janye. Faɗa min, wane launi ne?"

Ta buɗe baki. Ta lalubi ranta sama da ƙasa. Shekara takwas tana ganin bargon nan kullum, ta ɗaga shi ta share ƙarƙashinsa, ta bi shi da almakashi gida-gida, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa kallonsa ba.

"Ban sani ba, Baba," ta ce.

Ya gyaɗa kai. Ƙanwar ta matso za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ya ninke ƙyallen gida huɗu ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya mayar da tabaransa, ya mayar da takalmansa. Bai shiga gidan ba. Ya ce wa 'yarsa ta mayar da shi, can ya fi kusa da likita.

Bayan kwana uku aka zo aka ɗauke kekensa da akwatinsa. Ɗakin da ke kusa da ƙofa ya zama fayau, ba shirgi, ba tsumma, iska na shiga ta taga tana fita ta ƙofa, daidai yadda Tsintsiya ta daɗe tana so. Duk tsawon bazarar nan ba ta iya shiga ta share shi ba.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, kada mu yanke wa kayan wani hukunci da idonmu kaɗai. Rage shirgi in yanayi ya juya abu ne mai kyau, tsafta kuma abin yabo ce, amma ikonka ya tsaya a kan naka. Abin da ba kai ka ajiye ba, tambayi mai shi kafin ka ɗaga, kuma in tsoho ya ce ka zauna ya ba ka labari, ka sauke tukunyar ka zauna. Tambaya ba ta cin minti ɗaya, amma abin da almakashi ya raba, kuka da neman gafara ba sa mayar da shi yadda yake.