Dila a Kogon Kuka

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, ko da ban tsoro!

Kurege ne ya sayo littafin wani dodo a kasuwa. Kullum da la'asar yakan karanta wa dabbobi a gindin kuka, jikin kowa na ɓari. Dila malamin daji kuwa ya taɓe baki ya ce, "Littafin kasuwa! Ko ƙosai ba na naɗewa da shi."

Ashe kullum yakan zaga ya shige kogon kukar, ya kasa kunne.

Ran nan Kurege ya kai inda dodo ke huci a ƙeyar wani mafarauci, sai Dila ya ji huci mai ɗumi a tasa ƙeyar. Ya waiwaya, sai ga idanu jajur. Kura!

Ta raɗa masa, "Allah gafarta malam, yi shiru. In na fita, taro zai watse. Bari mu ji ƙarshe, sannan in cinye ka."

In Dila ya yi ihu, asirinsa ya tonu. In ya yi shiru, ya zama kalaci. Da Kurege ya buɗe shafin ƙarshe, Dila ya kurma ihu ya faɗo tsakiyar taro, rabin wutsiyarsa a bakin Kura. Kowa ya yi ta kansa.

Dila yana zubar da jini ya bi Kurege a guje: "Tsaya, don Allah! Mafaraucin ya tsira?"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu! Ba don Gizo ba, da kun ce ƙarya na shara muku.