Fukafukan Dela

Dalilin da ya sa baƙin buzuzun kan dutse ba ya tashi sama, alhali ga fukafukai a bayansa, shi zan gaya muku. Ke Ladidi, mutsu-mutsun ya isa haka, gyara zama.

A da can, saman dutsen nan kurmi ne mai duhu, na dogayen itatuwa masu ganye siriri kamar allura. Rana ba ta taɓa ganin ƙasa ba. Hazo kan shigo da safe ya yi ta yawo har ya manta hanyar fita, ƙasa kullum a jiƙe tana ƙamshi. A nan wata buzuzuwa mai suna Dela ta zuba ƙwai bakwai a gindin wata tsohuwar bishiya. Dela kuwa gwanar tashi ce, takan kwanta kan iska ta lumshe ido.

Ran nan iska ta taso da hauka, itatuwa suka yi ta zubewa rim, rim. Tana lafawa, rana ta faɗo ƙasa gaba ɗayanta. Wayyo! Laima ta gudu, ganye ya bushe ƙayau.

"Dela, taso mana! Nan ya zama na ƙwarin fili," in ji 'yan'uwanta, suna buɗe fukafukai.

"Ku je. Ƙwai ba ya tashi."

Ta rarrafa wurin tsohuwar bishiyar, wadda ke kwance ƙaro na tsiyaya daga karayarta.

"Kaka, inuwarki ba ta kai kan 'ya'yana ba."

"Jikata, ni kam na faɗi ke nan. Rufe su da bayanki. Amma rana za ta tsattsaga miki fukafukai, sai dai in liƙe su da ƙarona. In na liƙe kuwa, babu buɗewa har abada."

Dela ta ɗaga kai. Yau ta fara ganin sama a fili, shuɗi, ko reshe ɗaya babu da zai tare ta. Wallahi ranta ya biya, har fukafukanta na rawa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta kwanta kan ƙwan.

"Zuba, Kaka."

Ƙaro ya sauka da ɗumi, ya daskare. Bakwai ɗin nan duk suka ƙyanƙyashe, kowanne da bayansa a liƙe.

Shi ya sa har yau in ka ɗaga ruɓaɓɓen gungume a can sama, za ka ga jikokinta sun watse da gudu suna neman inuwa, ko ɗaya ba zai tashi ba. Ku mayar musu da gungumen yadda kuka same shi, kun ji ko? Ba su da wani wurin zuwa.