Abin da Ungulu Ta Faɗa wa Sarkin Fawa Jatau

Masu labari sun ce, ni kuma ban ƙara masa gishiri ba sai ɗan abin da ba a rasa ba, an yi wani Sarkin Fawa a garin Tsamiyar Dogo mai suna Jatau. Shekara arba'in yana riƙe da mahauta, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji. Matarsa ta rasu, 'ya'ya kowa ya kama gabansa a birni, gidan da a da ba a jin maganar juna don hayaniya ya koma daga shi sai tabarma. Mutum ɗaya ya rage mai zuwa cin tuwo da shi, ƙanensa Mati, wanda shi ma furfura ta fara yi masa sallama.

Babbar 'yarsa ta ji tausayin wannan zama, ta aiko masa da talabijin da ɗan faifan sola don ya riƙa kallon wa'azi. Mai tura fina-finai na bakin kasuwa kuwa ya cika masa memori da fina-finan tsoro na ƙasar Japan, irin waɗanda ake daddatsa mutum a nuna maka komai, ba a kau da kyamara. Jatau ya kalli ɗaya ya ga ko gezau bai yi ba, abin ya yi masa daɗi. Tsoho ne da aka daina tambayarsa komai, sai ga wani abu da ya fi kowa iyawa.

Ran nan bayan Azahar ya tara mahauta a zaurensa, ya kunna musu wanda ya fi muni. Wani ya ja hula ya rufe ido yana leƙe ta ƙasanta. Wani ya rantse hanjin akuya ne, ya san shi, kuma ba a ma wanke shi da kyau ba. Wani ya tuna da saƙon da ba a aike shi ba, ya sulale. Kwasau, wani ƙosasshen mahauci, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana cewa a maimaita. Da aka zo inda aka ɗaure wata mata a kan kujera aka fara yankanta, sai Mati ya miƙe ya fita, aka jiyo shi a bayan katanga yana amai. Zaure ya ɗauki dariya. Kunya ta kama Jatau, ya ce a gaban kowa, "Wanda ba zai iya kallon jini ba, ba zai riƙe wuƙar gidanmu ba."

Maganar ba ƙarama ba ce. A al'adar mahautan garin, in Sarkin Fawa ya tsufa, yakan miƙa wuƙar da ya gada ga wanda zai gaje shi, ranar kasuwa, a gaban jama'a. Kowa ya san ta Mati ce. Jatau ya ce kasuwa mai zuwa Kwasau zai ba. Daga ranar Mati bai sake zuwa cin tuwo ba, aka ce ma yana shirin barin garin.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, bayan an watse daga yanka, Jatau ya zauna shi kaɗai a gindin rimin mahauta. A kan rimin akwai wata tsohuwar ungulu, ita kaɗai ta rage cikin ɗaruruwan da ke sauka a wurin a da. Ta sauko reshen ƙasa ta ce, "Ranka ya daɗe, kwana uku ina ganin ana mayar da rabin tuwonka. Lafiya?"

Jatau ya ce, "Ba ruwanki. Na gano ƙanena rago ne, shi ke nan."

Ungulu ta ce, "In ka ba ni izini, zan ba ka labarin Sallau mai fassara."

Ya ce, "Faɗi. Ai ba mai jirana a gida."

Ungulu ta gyara fiffike ta ce:

Kafin in zo nan na zauna a wani birni, a kan rufin gidan wani mutum mai suna Sallau. Aikinsa juya fina-finan waje zuwa Hausa. Mutum ne mai daɗin baki, shi ne muryar sarki, shi ne muryar ɓarawo, in ta kama ya siranta murya ya zama tsohuwa. Yadda ake aikin nan shi ne, wuri guda a cikin fim sai an mayar da shi baya sau ashirin, har maganarka ta hau daidai kan bakin mai magana.

Da aka kawo masa fina-finan Japan na jini, ranar farko ya kasa cin abinci, ya fito tsakar gida yana ta istigfari. Amma aiki aiki ne. Ya koma ya mayar da wurin baya, ya sake, ya sake. Kafin mako biyu da kwanon shinkafa a cinyarsa yake kallon ana zare idon mutum. Daga nan ya fara sa barkwanci, don ya lura masu kallo sun fi jurewa in an ba su abin dariya. Duk inda aka fasa kan mutum sai ya ce, "An fasa kankana." Maganar ta karɓu, har a majalisa ana faɗinta.

Wata ranar Talata da rana tsaka, mota ta buge wani ɗan acaɓa a ƙofar gidansa. Maƙwabcinsa ne, Garzali, wanda suke sahu ɗaya a masallaci. Mutane suka rugo, wasu na salati, wasu na neman abin ɗaure masa kai. Sallau ya fito ya tsaya a kansa yana kallo, hannuwansa a aljihu, bakinsa ya ce, "An fasa kankana." Ba da niyya ba, ranka ya daɗe. Bakin ne ya yi abin da ya saba. Amma matar Garzali tana durƙushe a wurin, matar Sallau kuma tana bakin ƙofa.

Ba wanda ya zage shi. Da an zage shi ma da ya fi masa sauƙi. Sai dai in ya yi sallama a majalisa a amsa a taƙaice, hira ta mutu. Matarsa ta ce za ta je ganin gida, ganin gidan ya ƙi ƙarewa. Da abin ya ishe shi sai ya aika aka zo masa da gwaggonsa Tabawa, tsohuwar ungozoma. Ina kan rufi ina jin su. Ya ce, "Gwaggo, ke kin fi ni ganin jini, na gaske ma, amma kowa na sonki. Ni na bogi na gani, an guje ni. Ina bambancin?"

Gwaggo Tabawa ta ce, "Zauna in ba ka labarina da Dela." Ta ce:

"Mu biyu muka koyi aikin nan a hannun Inna Yalwa, ni da Dela. Haihuwar farko da na gani, sai da aka yayyafa mini ruwa. Dela kuwa goro take ci tana kallo. Duk unguwa aka ce ita ce ungozoma, ni a mayar da ni kan dutsen niƙa. Ni ma na yarda, don na sha kuka a ɓoye a kan wannan zuciya tawa.

"Wata rana Inna ta tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, naƙuda ta kama matar wani maƙeri, aka kira mu. Ta haihu lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Na ce, Dela, abin nan ya yi yawa. Ta ce, ke dai da tsoro, na ga wanda ya fi wannan. Kuma ba ƙarya ta yi ba, ta gani. Zani ya jiƙe, muka canza, wani ya jiƙe. Dela na zaune tana yi wa jariri wasa. Ni kuwa na kasa zama, na fita a guje ko mayafi babu, na tare mai amalanke a hanya ina kuka, muka ɗora ta sai asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe ta ta ce da mun ƙara jinkiri kaɗan da gawa muka kawo.

"Da Inna ta dawo ta ji, ba ta yi wa Dela faɗa ba. Ni ta kira ta ce, Tabawa, duk ranar da kika ga jini gabanki bai faɗi ba, ki ajiye aikin nan. Shekara hamsin ke nan, Sallau, har yau gabana na faɗuwa, da shi nake sanin lokacin da abu ya wuce kima. Kai kuwa ka ɗauki taka faɗuwar gaban ka yi ta murza ta sau ashirin-ashirin har ta mutu, kana murna ka zama jarumi."

Ungulu ta ce: Sallau ya yi kuka a ranar, amma abin da ya fita daga baki ya riga ya fita. Lokacin da na bar birnin yana nan a ɗakinsa, abin sauraro a kunne, yana magana da muryar mutum ashirin, ba ko ɗaya da zai amsa masa. Na ji tausayinsa ƙwarai. Kai ma, ranka ya daɗe, na ga ka fara auna mutane da abin da ya kashe wa Sallau kasuwa.

Jatau ya yi tsaki ya ce, "Wannan labarin masu karɓar haihuwa ne. Mu mahauta ne. Jini shi ne sana'armu, in hannu ya yi rawa dabba ce za ta wahala."

Ungulu ta ce, "Ka taɓa ganin hannun Mati ya yi rawa a kan dabba?"

Jatau ya duba baya, shekara talatin bai taɓa gani ba.

Ta ce, "Ni daga sama nake kallo, ina ganin abin da ba ka gani daga kujerarka. Mati bayan katanga yake zagayawa ya wasa wuƙa, don kada saniya ta gani. Sai ya ba ta ruwa kafin ya kayar da ita. In akwai wata a ɗaure kusa, sai ya juya mata baya ko ya kai ta nesa. Kwasau kuwa a kan idon rago yake wasa tasa, yana waƙa, jiya ma da ƙafa ya ja wata akuya tun daga bakin ƙofa. Ba mugu ba ne, ya dai daina jin komai. Shi za ka ba dabbobin garin nan gobe, saboda ya iya dariya a gaban talabijin."

Jatau ya ce, "To me ya fitar da Mati, in ba ragwanci ba?"

Ta ce, "Ni ban shiga zaurenka ba. Kai da ka shiga, ka tambaye shi?"

Bai tambaye shi ba. Sai ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar, ya bi ta gida ya ɗauko wuƙar a cikin kubenta, ya nufi gidan ƙanensa. Rabonsa da taka ƙofar gidan har ya manta, don kullum Mati ne mai zuwa.

Ya same shi a tsakar gida yana ɗaure buhun kaya. Mati ya shimfiɗa masa tabarma ya gaishe shi kamar ba abin da ya faru, abin da ya ƙara wa Jatau nauyi ke nan. Bayan sun gaisa Jatau ya ce, "Mati, tambaya na zo yi. Ran nan me ya fitar da kai? Jinin da muka gani bai kai na sa guda ba."

Mati ya ce, "Yaya, ai ba jinin ba ne. Na san rini ne."

"To mene ne?"

Mati ya ce, "Matar nan da suka ɗaure. Kalma ɗaya take ta maimaitawa. Ban ji yarensu ba, amma ba sai an fassara mini ba, uwarta take kira. Haka Innarmu ta yi ta kiran tata uwar ranar da za ta rasu, kana fatauci, ni kaɗai ne a kanta. Da na ji muryar nan, ga mutane suna dariya, sai na kasa zama."

Jatau ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shekara ashirin da rasuwar uwarsu, bai taɓa tambayar yadda ta cika ba, Mati kuma bai taɓa faɗa ba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Sau bakwai na kalli fim ɗin nan, Mati. Ban taɓa jin tana kiran kowa ba."

Ya ciro wuƙar ya ɗora ta a kan buhun kayan. Ya ce, "Gobe zan ba ka ita a gaban jama'a, in janye maganata a gaban waɗanda na faɗe ta. Na yarda ni ne na kurumce. Yanzu dai kwance buhun nan ka zauna, ka gaya mini abin da Inna ta ce."