Tasalla da Goran Ji

Ga ta nan, ga ta nanku, ta sha tafiya.

Ta zauna mu ji ta.

To ku matso. Wannan ba ta dariya ba ce, mai son dariya ya nemi wata tabarmar.

An yi wata mata a wani ƙauye, sunanta Tasalla. Allah ya yi ta da wata halitta: in murya ta shiga kunnenta, sai ta ji ɗanɗanonta a harshe. Muryar mijinta Jatau gasasshiyar masara ce. Muryar mai gari kanwa. Ta maƙwabciyarta Kuluwa kuwa tsamiya ce, ko sannu ta ce sai haƙoran Tasalla sun mutu. Mutane suka ce kanta da motsi, ita ma ta daina faɗa.

Sai aka yi fari. Shekara ɗaya, shekara biyu, ta uku ma sama ba ta ce uffan ba. Rumbuna suka ƙare. Maza suka koma tonon gidan tururuwa, suna ƙwace ƙwayar da ta tara, mata na sheƙewa suna dama kunu. Da wannan ake rayuwa, in rayuwa ce.

Tasalla na da jariri, Nomau. Nononta ya ja baya, yaro na kuka safe da yamma, kukan nan kuma maɗaci ne a bakinta. Sauran iyaye jin kuka suke yi, ita haɗiyarsa take.

Ran nan da tsakar rana wani aljani ya shigo gari da ƙaton gora a kafaɗa. Ya tsaya bakin rijiya ya ce, "Ceto na kawo. Wa ya gaji da jin yunwa? Ya ba ni jinsa in ajiye masa." Ya shiga kaɗa gora yana waƙa:

"Hura, hura a gora,
ka huta, ka huta."

Tasalla ta lashi baki. Muryar ba zaƙi, ba ɗaci, ba gishiri. Tunda aka haife ta ba ta taɓa cin karo da murya lami ba. Ta kama rigar mijinta ta ce, "Maigida, kada ka je. Maganar nan ba komai a cikinta."

Jatau ya ce, "Ke dai da bakin nan naki. Ni a cikina akwai wani abu ne?" Ya fizge rigarsa.

Ranar farko maza suka yi layi, kowa ya hura a bakin gora. Yunwa ta ɗauke cak. Ku lura, aljanin bai yi musu ƙarya ba. Ji ya ce, ji ya ɗauka, shi kuwa ji ba a gutsurarsa. Jin yunwa ya tafi da jin magana, da jin zafi, da jin wari, da jin kunya, har da jin tausayi. Aka jingine fartanya, ba wanda ya ƙara tona komai. Jatau na zaune a rana kunama ta harbe shi, ya bi ta da ido.

Rana ta biyu mata suka ga maza sun daina nishi, suka ce su ma a cece su. Kuluwa ta hura, ta koma gida da 'yarta a goye. 'Yar ta yi ta kuka, ta yi ta kuka, har ta daina. Kuluwa na zaune tana kallon bango.

Rana ta uku saura Tasalla. Kwana biyu ba a ɗora tukunya a garin ba. Kukan Nomau ya sirance, ɗacinsa ya soma salamcewa a harshenta, wannan ya fi ɗacin ba ta tsoro.

Aljani ya zo har ƙofar ɗakinta. Ya ce, "An ce naki ya fi na kowa nauyi. Kawo ki huta."

Ba zan ɓoye muku ba, ta so. Wallahi ta so, don ta gaji. Amma ta dubi yaron, ta ce, "Ranka ya daɗe, zan bayar. Sai dai nawa a harɗe yake, na kunne ya shige na harshe. In ya shiga gora haka, zai ɓata maka sauran kamar tsami a madara. Buɗe baki ka ɗanɗana tukuna."

Shi kuwa makwaɗaici ne, ya wangame baki. Ta hura masa jinta duka, ba ta rage ko kaɗan ba, hannunta kuma ya mintsini cinyar Nomau.

Yaro ya tsala kuka. Aljanin da bai taɓa jin komai ba tun da aka yi shi, yau kukan jariri mai yunwa ya shiga kunnensa ya sauka a harshensa. Ya saki gora, gora ya tarwatse. Ya toshe kunnuwa ya ruga daji yana tofar da yawu, da jin Tasalla a bakinsa.

Ji ya koma wa masu shi. Yunwa ta dawo. Jatau ya kurma ihu da harbin shekaranjiya. Kuluwa ta ji sanyin abin da ke bayanta, ta kwance zane. Irin kukan da ta yi ba zan kwatanta muku ba. Yara bakwai aka binne ran nan, wasu iyayen ma har zagin Tasalla suka yi, suka ce da ta ƙyale su yadda suke. Amma daga maƙabarta yunwa ta kora maza daji da fartanya, kafin faɗuwar rana an dama kunu. Kuluwa kuwa, da nononta bai san 'yar ta mutu ba, ta shigo ta ɗauki Nomau ta ba shi.

Nomau ya rayu. Tasalla ba ta ƙara jin komai ba har ta koma ga Allah, gani kaɗai aka bar mata. In yaron ya buɗe baki, ba ta san ko kuka yake ko dariya ba. Sai ta dubi mutanen gida. In ta ga wani ya zabura ya nufe shi, sai ta sunkuya ta ci gaba da dakanta. Iyakar ceton da ta nema ke nan.

Don haka duk wanda ya ce zai raba ku da jin zafi, ku tambaye shi me kuma zai haɗa ya tafi da shi.

Ƙurunƙus kan kusu. Ƙaryata ce, amma in ta yi muku ɗaci, ku gode wa Allah kuna ji.