Kunyar Waziri Cindo

Ku matso ku ji, ku da kuke ɗaga moɗa ku sha ba ku tambayi inda aka ɗebo ba.

A zamanin da, a wata ƙasa da sunanta ya ɓace wa masu ba da labari, an yi wani sarki wai shi Tunau. Ba azzalumi ba ne, sai dai irin sarakunan nan ne da ba sa ganin ƙasarsu sai da idon waziri. Wata shekara ɗoyin majema ya dame shi, don a bayan fada ake jimar fatu, in iska ta juyo ko turaren wuta ba ya tasiri. Sai ya kira Wazirinsa Cindo ya ce, "Waziri, a kwashe mini majeman nan a kai su can ƙasan kogi, inda ba mai ɗibar ruwa."

Waziri ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, an gama."

To, ƙasan kogin nan kuwa duk lambunan Waziri ne. Ina zai yarda? Sai ya kwashi majema ya dasa su a kan tudun Tungar Gawo, wani ɗan ƙauye mai rijiya ɗaya tal a gindin tudun. Ya dawo ya ce wa Sarki an cika umarni.

Shi Cindon nan akwai abin da yake taƙama da shi, wato kunya. Yana da ɗa ɗaya, ɗan fari, mai suna Zubairu, sunan mahaifin shi Cindon. Kowa yana kunyar ɗan fari, amma tasa ta wuce gona da iri. Bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa ɗaukarsa ba, in an gifta da shi sai ya kawar da kai, har fadawa suna kafa misali da shi. Da lokacin yaye ya yi aka kai yaron gidan kakarsa ta wajen uwa a cikin birni. Ya yi ta kuka, don uwarsa tana kusa, sai kakar ta miƙa shi ga ƙanwarta Ta-Sallah, wata tsohuwa a Tungar Gawo, ya yi nisa ya manta nono. Waziri bai sani ba. Wa zai tare shi da zancen?

Ta-Sallah ba ta taɓa haihuwa ba, sai ta ɗauki son duniya ta ɗora wa yaron. "Angona," take ce masa, "kai da ko haƙoran kirki ba ka da su, da me za ka ciyar da ni?" Shi kuwa ya yi ta ƙyalƙyala dariya yana jan ɗankwalinta.

Ana nan damina ta faɗi. Ruwa ya wanko ramukan jima, da toka, da bagaruwa, da kashin tattabaru, da ruɓaɓɓen naman da ake kankarewa a jikin fatu, duk ya gangaro ya tsuma cikin rijiya. Ruwa ya yi ja-ja, ya soma ƙarni, in an zuba a randa sai wani maiƙo ya taso a kai. Yara suka fara amai da gudawa. Mai rarrafe ya tafi, mai tatata ya bi shi.

Maigari Anaruwa ya ɗauki sandarsa ya tafi birni, ya faɗi gaban Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Tun da aka kawo mana majema muke binne 'ya'ya."

Waziri ya ga in maganar nan ta kai kunnen Sarki asirinsa ya tonu. Ya sa aka yi wa dattijon bulala a bainar jama'a har ya kasa tashi, aka aza shi a jaki aka mayar. Sannan ya shiga wurin Sarki ya ce annoba ce ta sauka a Tungar Gawo saboda ƙazantar mutanenta, in ba a killace su ba birni ma ba zai tsira ba. Sarki ya tsorata ya ce a yi. Dogarai suka zagaye ƙauyen, ba shiga ba fita, ko zuwa kogi ɗibar ruwa, ko zuwa jeji itace. Majema kaɗai ke wucewa da fatun Sarki, su kuwa da ma jakunansu ke kawo musu ruwa daga kogi.

Da matar Waziri, Saude, uwar yaron, ta ji labari, ta ajiye tata kunyar ta durƙusa gabansa. "Maigida, wancan yaron da aka kai yaye…"

Ya daka mata tsawa. "Ni za ki tara da zancen ɗan fari? Ashe ba ki da kunya?" Ya saɓa riga ya fice. Ta bi shi har soro tana magana, ya toshe kunnuwansa da hannun riga, ya ce wa bayi kada a sake barinta ta fito.

A can Tunga, Ta-Sallah ta yi duk dabarar da tsohuwa za ta iya. Ta tari ruwan indararo a ƙwarya ta ɓoye wa yaron shi kaɗai, ita ta sha na rijiya. Da ruwan sama ya ɗauke, ta tace na rijiya da gefen zanenta, ta ƙona turminta da kujerarta ta tafasa masa. Da itace ya ƙare, ta ba shi haka nan tana kuka, don ƙishirwa ba ta jira. Zubairu ya kwanta. Idanunsa suka faɗa, wuyansa ya kasa ɗaukar kansa.

Ta goya shi ta je wurin dogarai ta ce, "Ku dubi Allah ku bar ni in wuce. Wannan ɗan Waziri ne."

Suka fashe da dariya. Babbansu ya ce, "Iya, ni ma ɗan Sarkin Masar ne." Ya zabga mata bulala a ƙafa, ya ce wannan ladan yi wa Waziri ƙarya ne.

Wani majemi mai suna Tanimu ya ga abin da ya faru, zuciyarsa ta karye. Da safe da za su kai fatu birni ya yafa mata wani tsohon buzu mai wari, ya ba ta igiyar jaki ta ja kamar matarsa. Dogarai ba sa matsowa kusa da majema, sai su toshe hanci su ce a wuce da sauri. Haka ta fita, da goyo a baya, da goran ruwan rijiyar a hannu don Sarki ya gani da idonsa. A hanya Tanimu ya ɗiga wa yaron ruwan salkarsa, ya ɗan buɗe ido. Ta ce, "Yauwa angona, daure, ga gidanku can."

Rana ta take suka iso ƙofar fada. Aka ce ta jira. Da aka ji daga inda ta fito, kowa ya dare, aka bar ta a tsakiyar rana ita kaɗai. Yaron yana ta cewa, "Uwa, uwa," ruwa yake nufi. Can sai ga Waziri bisa doki. Ita ba ta taɓa haɗa ido da shi ba, surukinta ne, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ta sha gabansa ta ce, "Waziri, ɗanka ne a bayana! Zubairu ne! A ba shi ruwa!"

Da jin sunan, sai ya kawar da kai kamar yadda ya saba. Ya ce, "Kowace tsohuwa ta ga rawani sai ta haifa masa ɗa. Ba ga gora nan a hannunki ba? Ba shi mana." Ya juya ga jama'a ya ce duk wanda ya miƙa wa mai annoba moɗa, a bakin hannunsa. Dogarai suka tunkuɗe ta da sanduna, ba ta ko sami damar kwance goyon ba. Wallahi ko ni mai ba ku labari, nan wurin ba na son faɗinsa. Ta zauna tana jijjiga shi, tana tofa masa ɗan yawun da ya rage mata a leɓe, har kiran ya yi ƙasa-ƙasa, har ya daina. Ta ce a ranta barci ya yi.

Da la'asar Sarki ya fito zai tafi masallaci. Ta-Sallah ta kurma ihu, "Wayyo Allah! Wayyo Sarki!" Sarki ya tsaya ya ce a kawo ta. Ta zayyana masa komai, tun daga tudu har rijiya, ta ajiye gora a gabansa. Aka buɗe, fadawa suka ja da baya.

Sarki ya dubi Waziri ya ce, "Ina na ce a kai majema?"

"Allah ya ba ka nasara, ƙasan kogi fadama ce, ba ta riƙe rami. Ruwan nan kuwa lafiyarsa ƙalau, launi ne kawai. Tsohuwar nan maƙaryaciya ce."

"To, kai ne masanin shari'a. In ƙarya take, mene ne hukuncinta?"

"A jefa ta cikin rijiyar."

"In kuma gaskiya ta faɗa, mene ne hukuncin wanda ya ɓata ruwan?"

Waziri ya yi murmushi. "Ya sha abin da ya shayar."

Sarki ya ce, "Madalla. Tunda lafiyarsa ƙalau, bismilla, kurɓi."

Waziri ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ina azumin nafila. Amma ga ɗan da take goye, ai da shi ya saba. A sauke shi a ɗura masa goran duka a gabanka, ka ga ko zai ko yi tari."

Ta-Sallah ta kwance majanyi. Yaron ya sulalo hannunta, kai ya langaɓe, jiki ya yi sanyi. Ta girgiza shi. "Angona? Tashi mana, ga Sarki." Ta kwantar da shi a ƙasa gaban takalman Waziri, ba ta yi kuka ba.

Waziri ya leƙa fuskar, bai san ta ba. Sai idonsa ya sauka kan wuyan yaron. Wata 'yar laya ce ta jar fata mai ɗinkin koren zare. Shi da kansa ya sa aka rubuta ta ranar suna, shi ya zaɓi fatar, ya ba wata baiwa a ɓoye ya ce ta rataya masa kada kowa ya ji. Don yana son yaron, so mai tsanani, a can inda ba mai gani.

Ya faɗi ya rungumi gawar, rawani ya warware, ya buɗe baki ya yi ƙara har tattabarun fada suka tashi: "Zubairu! Zubairu! Ku kawo ruwa!"

Aka kawo. Ta-Sallah ta dubi ƙwaryar ta ce, "Ajiye, a yi masa wanka da shi."

Sarki Tunau ya daɗe kansa a sunkuye, don ya san da bakinsa aka rufe ƙauyen. Da ya ɗago ya ce a janye dogarai yau, a kai wa Tungar Gawo ruwan kogi a kan raƙuman fada, a mayar da majema cikin lambunan Cindo. Ya aika da riga da ban haƙuri ga Maigari Anaruwa. Ya kuma yi rantsuwa ba zai ƙara rufe wani gari ba sai ya sha ruwansa da bakinsa. Sannan ya juya ga Cindo ya ce, "Hukuncinka kai ka yanke. Za ka haƙa wa mutanen nan sabuwar rijiya da hannunka, kai kaɗai. Kafin ka tarar da ruwa, ba ka da abin sha sai na tsohuwar rijiyar."

Aka tuɓe masa rawani aka ba shi diga. Ya tarar da ruwa kuwa, garai-garai, amma shi kansa sai da igiya aka fito da shi, bai kuma kai kaka ba. Mutanen Tunga sun ce duk saran da ya kai wa ƙasa sai ya kira sunan, tun daga baki har ƙasan rami, kamar mai biyan abin da ya riƙe. Ta-Sallah tana jin sa daga ɗakinta, ba ta taɓa leƙawa ba.

Nan na sauke muku. Kowa ya tashi ya leƙa randarsa, ya kuma dubi fuskar ɗansa.